Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Kamfanonin Da Ke Riƙe Da Ajiyarmu A Intanet

Zuwa ga shugabannin manyan kamfanonin da ke tafiyar da rumbunan adana bayanai da manhajojin intanet,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri a gare ku da ma'aikatanku baki ɗaya.

Bayan gaisuwa, na rubuto muku ne a madadin mutanen da ba sa zama inda kuke yanke shawara, amma duk shawarar da kuka yanke a kansu take sauka: malaman makaranta da ɗalibansu, marubuta, 'yan jarida, masu ƙananan sana'o'i, da iyayen da hotunan 'ya'yansu tun na ranar haihuwa suke hannunku. Ni malami ne, kuma ina cikin wata ƙungiyar malamai da ta daɗe tana musayar darussa da tambayoyin jarrabawa ta intanet. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gajeriyar sanarwa da ta iso mu daga kamfanin da muke ajiye aikinmu a wurinsa, cewa zai rufe wannan sashe na hidimarsa, kowa ya kwashe kayansa kafin wa'adi ya cika. An ba mu 'yan makonni mu kwashe aikin shekaru. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin abin da ya yi mana ya zama ruwan dare a tsakaninku, kuma da ku duka nake magana.

Kafin in kawo kukanmu, ku yi haƙuri in tuna muku a kan me kuka gina dukiyarku. A watan Maris na 1989 Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar binciken CERN kusa da birnin Janiba, ya rubuta wa shugabanninsa shawarar yadda za a haɗa takardun masu bincike da juna ta yadda mutum zai tsallaka daga wannan zuwa waccan da dannawa ɗaya. A 1991 aka buɗe wa jama'a shafin yanar gizo na farko. Sai kuma ranar 30 ga Afrilu, 1993, CERN ta sanar cewa ta sakar wa duniya wannan fasaha kyauta, ba lasisi, ba kuɗin haya. Da a ranar sun ce sai an biya su, ko sai an nemi izininsu kafin a buɗe shafi, da babu ɗaya daga cikinku da zai kai inda yake a yau. Wanda ya fara sayar da littattafai ta intanet a 1995 bai nemi iznin kowa ba, haka ma ɗaliban da suka ƙirƙiro injin bincike a 1998. Ƙa'idojin da yanar gizo ke tafiya a kansu na kowa da kowa ne, kuma ƙungiyar W3C da aka kafa a 1994 ta tsaya ne domin su ci gaba da zama haka.

A wancan lokaci wasiƙunka da rubuce-rubucenka suna cikin kwamfutarka, yanar gizo wuri ne da ake zuwa a karanta. Sannu a hankali abin ya juya. Hotmail ta zo a 1996, mutum ya iya buɗe imel ɗinsa daga kowace kwamfuta a duniya. Gmail ta zo a 2004 da gigabait guda kyauta, lokacin da sauran ke ba da 'yan megabait, aka ce mana ba sai mun ƙara goge wasiƙa ba. A 2006 Amazon ta fara ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfuta ga duk mai so, ana biya gwargwadon abin da aka yi amfani da shi, Microsoft da Google suka bi sahu. Daga nan rubutu da lissafi da hotuna da littattafan ciniki duk suka tashi daga hannunmu suka koma manyan gine-ginenku masu cike da kwamfutoci, waɗanda yawancinmu ba mu san ma a wace ƙasa suke ba.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, mun amfana ƙwarai. Malamin da wayarsa ta faɗa ruwa yana samun darussansa a sabuwar waya cikin minti kaɗan. Mutum goma a wurare daban-daban suna gyara takarda ɗaya a lokaci guda. Matashin da ba shi da kuɗin sayen babbar kwamfuta yana iya hayar ƙarfinta na awa biyu ya gwada basirarsa. Tun 1961 masanin kwamfuta John McCarthy ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa rarraba ƙarfin kwamfuta ga jama'a kamar yadda ake rarraba layin tarho, kuma ku ne kuka cika wannan hasashe. Sai dai hidimar da jama'a suka dogara da ita haka tana zuwa da nauyi. Kamfanin wuta ko na ruwa yana da dokokin da suka hana shi yanke wa mutum yadda ya ga dama, akwai kuma inda ake kai ƙararsa. Ku kun karɓi matsayin, nauyin kuwa har yanzu kuna kewaye shi.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, shi ne yadda kuke rushe abin da mutane suka gina. GeoCities ta kasance gidan miliyoyin shafukan talakawa a shekarun 1990, inda mutum ke rubuta tarihin danginsa, ko abin da ya sani game da wata cuta da ta kama ɗansa, ko wata sana'a da ya gada. Yahoo ta saye ta a 1999 a kan dala biliyan uku da ɗoriya, sannan ta rufe ta a watan Oktoba na 2009. Abin da ya tsira, 'yan sa-kai ne suka yi ta kwafa ba dare ba rana kafin a kashe injinan. A 2019 MySpace ta amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora mata tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya kwamfutocin ajiya, kimanin waƙoƙi miliyan 50, da yawansu na matasan da ba su da wani kwafi a ko'ina. A 2019 ɗin dai aka rufe Google+, shekara ta gaba Yahoo Groups ta bi, tare da tattaunawar kusan shekara ashirin ta ƙungiyoyin marasa lafiya da masu bincike da masu sana'a iri ɗaya.

Ku dubi abin da wannan ya jawo. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke raye a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Tun kafin nan, masu bincike a jami'ar Harvard sun gano cewa kusan rabin adireshin intanet da aka kafa hujja da su a hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da alƙali ya karanta. Idan hujjar babbar kotu tana ɓacewa haka, ina ga ta ɗalibin da ya rubuta kundin digirinsa? Ni kaina na sha buɗe jerin shafukan da na tanadar wa ɗalibai a zangon da ya wuce in tarar da wasu sun mutu, kuma waɗanda suka fi amfani su ne suka fi saurin tafiya, domin galibi mutum ɗaya ne mai kishi ya rubuta su a wani dandali na kyauta. Littafin da aka buga shekara ɗari da suka wuce yana nan a ɗakin karatu, amma bayanin da aka wallafa lokacin da ɗalibina na yanzu yake firamare ya tafi. A ganina wannan babbar asara ce ga 'yan baya, kuma ba ƙaddara ce ta jawo ta ba, lissafin riba ne.

Na san amsar da za ku ba ni: kun ba da sanarwa, kun kuma buɗe hanyar sauke kaya. To, mun gwada wannan hanya a ƙungiyarmu. Abin da ya sauko tarin fayiloli ne masu sunayen lambobi, darasi a ware da hotunansa, gyare-gyaren da abokan aiki suka yi a gefe duk babu su, kuma babu wata manhaja da ta san yadda za ta karanta tsarin. Dattawan cikinmu, waɗanda su ne suka fi kowa zuba ilimi a wurin, ba su ma ga sanarwar ba sai da wa'adi ya kusa. Wata malama da ta yi ritaya ta kira ni tana tambaya ko gaskiya ne darussan lissafin da ta shafe shekaru tana tsarawa za su tafi, muryarta na rawa. Mun ceto mata abin da ya samu. Wanda aka ba ajiya, in zai tashi daga gari, yakan nemi mai kaya ido da ido ya damƙa masa kayansa yadda ya karɓa. Wannan kaɗai muke nema a nan.

Kuka na biyu ya shafi rufe asusu. Kun sa mun mayar da asusu ɗaya mabuɗin komai: imel, hotuna, lambobin waya, takardun aiki, har da shiga wasu shafukan da ba naku ba. Sannan kuka damƙa hukuncin rufe wannan asusu ga na'ura. Wani abokin aikina ya wayi gari an kulle nasa da jimla ɗaya, wai ya saɓa ƙa'ida, ba tare da an faɗi wace ƙa'ida ba. Ya cike fom ɗin ɗaukaka ƙara, amsa ta dawo nan take da kalmomin da suka nuna babu ɗan Adam da ya karanta. Sakamakon jarrabawar ɗalibansa yana ciki. Lambar tabbatarwa ta sauran asusunsa can ake aika ta. Bai san laifinsa ba har yau, kuma bai sami wanda zai yi wa magana ba.

Ku kwatanta wannan da abin da ya faru a watan Mayu na 2024, lokacin da wani kuskure a Google Cloud ya goge asusun UniSuper, wata hukumar fansho ta Ostireliya mai mambobi fiye da rabin miliyan. Sun yi fiye da mako guda mambobinsu ba sa iya shiga. Shugaban sashen da kansa ya sa hannu a takardar ban haƙuri, injiniyoyi suka duƙufa har aka dawo da komai, kuma abin da ya taimaka shi ne hukumar tana da kwafin ajiya a wani kamfani daban. Na yaba da yadda aka fito aka amsa kuskuren. Amma lamarin ya tabbatar da cewa tsarinku yana kuskure, har a kan manyan abokan cinikinku. Idan haka ne, da wace hujja kuke ɗaukar hukuncin na'ura a kan ƙaramin mutum a matsayin wanda ba ya tashi?

A nan ne kuma maganar asusun da aka daɗe ba a taɓa ba take shigowa. Daga watan Disamba na 2023 Google ta fara aiki da tsarin da ya ba ta damar goge asusun da ya yi shekara biyu ba a shiga ba, wasunku ma wa'adinsu bai kai haka ba. Na fahimci dalilin tsaro da ake bayarwa, domin tsohon asusu ya fi sauƙin sacewa. Amma su wa ke yin shekara biyu ba su shiga ba? Mai doguwar jinya, wanda yaƙi ya raba da gidansa, wanda ke tsare, da wanda ya rasu ya bar marayu da ba su kai shekarun neman hotunan mahaifinsu ba. Gargaɗin da kuke aikawa yana zuwa ne akwatin da mutumin ba ya iya buɗewa.

Na uku, kun mayar da saye ya zama haya ba tare da kun faɗa mana ƙarara ba. Da can mutum yakan sayi manhaja a faifai, ya yi aiki da ita har kwamfutarsa ta tsufa. A 2013 Adobe ta daina fitar da sabbin manyan manhajojinta ta wannan hanya, ta koma biyan wata-wata, kuma kusan kowa ya bi. Yanzu mai zane ko mai ɗaukar hoto da ciniki ya ja masa baya wata biyu yana iya rasa kayan aikin da zai gyara abin da ya yi da hannunsa. A 2009 Amazon ta shiga na'urorin Kindle na mutane daga nesa ta cire wasu littattafan da suka biya kuɗinsu, daga baya shugaban kamfanin ya nemi afuwa. A 2019 Microsoft ta rufe shagonta na littattafai, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, gaskiya ne, amma wanda ya sayi littafi littafin yake so. Maɓallin da muka danna “saya” aka rubuta a kansa. Sai da jihar Kalifoniya ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2025, kafin aka tilasta wa masu sayar da irin waɗannan kaya su bayyana cewa izinin amfani kawai suke bayarwa.

Akwai kuma salon jawo mutane da kyauta har sai sun yi nisa. Google Photos ta yi shekaru tana karɓar hotuna ba iyaka, sannan daga 1 ga Yuni, 2021 ta ce sababbin hotuna za su shiga lissafi. Babu wanda ya ce dole ku yi mana hidima kyauta har abada, injina da wutar lantarki da ma'aikata duk kuɗi ne. Abin da ke damunmu shi ne ƙofar shiga a buɗe take, ta fita kuwa an ƙuntata ta da gangan. Shekara da shekaru kamfanonin da ke hayar rumbunanku suna ɗora bayanai kyauta, amma in za su kwashe su koma wani wuri sai an caje su kuɗin fitarwa. A farkon 2024 Google da Amazon da Microsoft suka sanar ɗaya bayan ɗaya cewa sun yafe wannan kuɗi ga mai son tashi, daidai lokacin da sabuwar dokar bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki. Mun yi murna da hakan, mun kuma lura cewa abin da aka daɗe ana ce mana ba zai yiwu ba ya yiwu cikin watanni uku da doka ta matso.

Na huɗu shi ne yadda komai ya taru a hannu kaɗan. An tsara intanet tun asali ta yadda in wani sashe ya lalace saƙo zai bi ta wata hanya. A yau kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na kasuwar hayar rumbuna da ƙarfin kwamfuta a duniya. A watan Fabrairu na 2017 wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen rubuta umarni guda, dubban shafuka da manhajoji suka tsaya na kusan awa huɗu. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke tare na kusan awa shida saboda kuskuren saiti, masu ciniki da iyalai a faɗin duniya suka rasa hanyar magana da juna. A watan Maris na shekarar gobara ta cinye wani ginin kamfanin hayar rumbuna na OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu abokan cinikinsu suka gano cewa kwafin ajiyarsu ma a harabar yake. A watan Yuli na 2024 sabuntawa guda daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aikin tiyata. Kuskure halin ɗan Adam ne, ba na zargin ma'aikacin da yatsansa ya zame. Ina zargin tsarin da ya bari zamewar yatsa ɗaya ta kai ga gadon asibiti a wata nahiya.

Hatta burauzar da muke leƙa yanar gizo da ita ta bi wannan hanya. Opera ta bar injinta na nuna shafuka a 2013, Microsoft ta mayar da burauzarta Edge kan Chromium, tushen burauzar Chrome ta Google, a 2020, yanzu manyan injinan da suka rage uku ne. Idan kamfani ɗaya ne ke da burauzar da aka fi amfani da ita, da injin bincike, da kasuwar talla, to abin da ya ga dama shi ne ke zama ƙa'ida tun kafin a zauna a tattauna.

Ƙaramin kuka kuma, wanda ba ƙarami ba ne ga mai fama da shi: kuna gina manhajojinku kamar kowa yana da intanet mai ƙarfi dare da rana da sabuwar waya. Matsakaicin shafi a yau ya haura megabait biyu, mafi yawansa hotuna da manhajoji, ciki har da na talla da na bibiya, alhali rubutun da mutum ya zo karantawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Mai sayen data kaɗan-kaɗan shi ke biyan kuɗin tallar da ake nuna masa. Manhajar rubutu da ke ƙin buɗe takardata saboda babu sabis ta mayar da ni baya, domin kwamfutar shekara talatin da suka wuce tana yin wannan aiki ba tare da ta tambayi kowa ba. Ga kuma sharuɗɗan amfani masu shafuka da yawa, cikin harshen lauyoyi, waɗanda kuke sauyawa lokacin da kuka so, har a wayi gari an shigar da izinin horar da ƙirƙirarriyar basira da abin da muka ajiye, mu kuwa zaɓinmu shi ne mu danna “na yarda” ko mu rasa aikinmu.

Yanzu ga abin da muke roƙo, kuma babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfinku.

Duk hidimar da za ku rufe, ku ba da sanarwar aƙalla shekara guda, ta kowace hanya da kuke da ita ta isa ga mutum, cikin harsunan da kuka yi amfani da su wajen tallata masa hidimar. Bayan rufewa ku bar kayan a yanayin karantawa da saukewa na wata shekarar. Abin da mutum zai sauke ya zo a tsarin da kowace manhaja ke buɗewa, da sunayensa da kwanakinsa da haɗinsa da juna, ta yadda zai ɗora shi wani wuri ya ci gaba da aiki. Ku gwada wannan hanya da mutanen da ba injiniyoyi ba kafin ku ce ta wadatar.

Abin da mutane suka wallafa a fili domin kowa ya gani, kada ku goge shi kafin ku miƙa kwafinsa ga masu adana tarihi. Internet Archive tana wannan aiki tun 1996 da tallafin jama'a, manyan ɗakunan karatu na ƙasashe da dama ma suna yi. Ku ba su kwafin da hannunku, ku kuma sa musu kuɗi, domin ɓarnar da suke gyarawa taku ce. Tsofaffin adireshi kuma ku bar su suna kai mutum inda kayan ya koma. Berners-Lee ya ja hankali a kan wannan tun 1998, cewa bai kamata adireshin shafi ya riƙa canzawa ba, kuma riƙe irin wannan turawa ba ya cin wani kuɗin kirki idan aka gwada da ribarku.

A kan rufe asusu, muna so a gaya wa mutum takamaiman abin da ake zarginsa da shi, ya sami ɗan Adam mai ikon sauya hukunci da zai duba ƙararsa cikin wa'adin da aka sani. Ko da hukuncin ya tabbata, in ba kotu ce ta hana ba, a bar shi ya kwashe wasiƙunsa da hotunansa. Kuna da ikon korar mutum daga dandalinku, amma kayansa nasa ne. Game da asusun da aka daɗe ba a shiga ba, ku kulle shi ku adana maimakon gogewa, ku kuma sauƙaƙa wa magada hanyar karɓar abin da mamacinsu ya bari. Wasunku sun riga sun tanadi wurin da mutum zai rubuta sunan magajinsa, sai dai an ɓoye shi can cikin saiti inda mutane kaɗan ne suka san da shi. Ku fito da shi fili tun ranar buɗe asusu.

Ku kira haya da sunanta a kan maɓallin da ake dannawa. Manhajar da aikinta bai buƙatar intanet, ku bar ta ta yi aiki babu intanet, kuma wanda ya daina biya ya ci gaba da iya buɗe abin da ya yi a baya. Kada ku yi amfani da ajiyarmu wajen horar da na'urorinku sai wanda ya ce ya yarda, da tambaya guda bayyananniya wadda “a'a” ba za ta jawo masa hukunci ba.

Ku koma ga ƙa'idojin da kowa ke iya hawa. Imel ya rayu fiye da shekara arba'in saboda mai asusu a wannan kamfani yana iya rubuta wa mai asusu a wancan, kuma kamfani ɗaya in ya mutu imel bai mutu ba. W3C ta amince da ƙa'idar ActivityPub a 2018 domin dandalin sada zumunta su iya magana da juna haka nan, wasunku sun fara gwada ta. Ku ƙarasa, ku yi haka ga manhajojin saƙo da na ajiya.

Roƙo na ƙarshe shi ne wanda ya fi mini muhimmanci. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018 ta ba mazauna can haƙƙin karɓar bayanansu su kai wani wuri, kuma kun gina hanyoyin cika wannan umarni. Injinan ɗaya ne, manhajar ɗaya ce. Duk wani haƙƙi da kuka ba mutum saboda dokar ƙasarsa tana da ƙarfi, ku ba sauran masu amfani da hidimarku a ko'ina suke, ku rubuta shi cikin sharuɗɗanku yadda za a iya riƙe ku da shi. Mafi yawan mutanen da ke amfani da ku suna zaune ne a ƙasashen da hukumominsu ba za su iya cin ku tarar biliyoyi ba, kuma aikinsu da hotunan 'ya'yansu ba su fi na kowa arha ba.

Muna sa ran amsarku a fili, a rubuce, kowane kamfani ya faɗi waɗanne daga cikin waɗannan buƙatu ya karɓa da ranar da zai fara aiki da su, waɗanda ya ƙi kuma ya faɗi dalili. Kwafin wannan wasiƙa zai je ga ƙungiyar W3C da hukumomin kare haƙƙin masu saye da muke iya kaiwa gare su.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani malami, a madadin abokan aikinsa da sauran masu ajiya a hannunku